Wanda Ba Zai Iya Yanke Zaren Fatsarsa Ba, Ya Zauna Gida

A watan Agustan 2018, wasu ƙarti uku suka sauko daga dandamalin kallo a gandun dajin Katmai da ke jihar Alaska ta Amurka, suka tsunduma cikin kogin Brooks inda beyar ke kamun kifin salmon, ɗaya daga cikinsu har da ɗaga waya yana ɗaukar kansa hoto. Kyamarar da ke haska wurin kai tsaye a intanet ce ta tona musu asiri. A 2022 kotu ta ɗaure su, biyu mako guda, ɗaya kwana goma, ta ci kowannensu tarar dala 3,000. A ganina an yi musu sassauci ƙwarai.

Katmai na da beyar kusan 2,200, kuma dokar wurin ba ta da wuyar ganewa. Ka bar tazarar yadi 50 tsakaninka da dabbar. Duk baƙon da ya sauka a sansanin Brooks sai an zaunar da shi an karanta masa wannan kafin ya taka ko'ina. Masunci kuwa, in beyar ya doso alhali kifi na fizgar ƙugiya, an ce ya yanke zare ya ja da baya. A nan ake samun taurin kai. Mutum ya biya kuɗin jirgi, ya sha sanyi tun asuba, sai ya ce ba zai saki kamunsa ba. To beyar na jin fantsamar ruwa zai zo, ya ƙwace kifin, kuma daga ranar ya gane cewa inda mai fatsa yake, nan kalaci yake. Gobe wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba zai tarar da shi. Ƙarshenta jami'an daji su harbe dabbar, mai kwaɗayin kuwa yana gida yana nuna hotuna.

Haka abin yake a zango. Ragowar abinci, kayan cikin kifi, har man goge baki, duk hancin beyar na kaiwa gare su. Wanda ya kwana da su a tanti, shi ya aika goron gayyata.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake kambama Timothy Treadwell. Ya yi bazara 13 yana zama cikin beyar a Katmai, yana raɗa musu sunaye, ya daina ɗaukar feshin barkono na korar beyar, bai kewaye tantinsa da wayar lantarki ba. A Oktoban 2003, lokacin da dabbobin ke haukan neman ƙiba kafin barcin hunturu, beyar ya kashe shi tare da abokiyar tafiyarsa Amie Huguenard. Jami'an da suka je kwaso gawarwakin sun harbe beyar biyu. Wai ƙauna ke nan! Alhali kuwa wani bincike na 2008 a Alaska ya nuna kashi 98 cikin ɗari na waɗanda suka yi amfani da feshin barkonon nan sun tsira ba ko ƙwarzane.

Kada wanda ya ce min tsautsayi ne. Ganganci ne. Gudu ma ba ya fisshe ka, don beyar na zura kilomita 50 a awa. Duk wanda aka kama ya karya dokar tazara, a hana shi shiga gandun har abada.