RA'AYINMU: A Rubuta Awon Ƙara Cikin Takardar Kwangila

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Funtuwa ya nufi Sakkwato ya san yadda hanyar take. Ta ratsa Tsafe, ta bi ta gindin dutsen Kwatarkwashi, ta faɗa Gusau, sa'an nan ta fita ta Bunguɗu ta miƙe zuwa Talatar Mafara. A bakin wannan hanya jama'armu suka kafa kasuwanni da masallatai da makarantu da asibitoci, har ma da ɗakunan kwanansu. Ga shi Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar mayar da hanyar tagwaye tun daga Zariya har Sakkwato, ita kuma Gwamnatin Jihar Zamfara tun 2023 ta shiga sabunta titunan cikin Gusau. Mu ɗalibai muna maraba da wannan aiki, domin mu ma mun sha wuyar ramukan hanyar. Amma akwai abu guda da muke so mu ja hankalin hukuma a kansa, shi ne ƙarar da aikin hanya ke tayarwa, da wadda hanyar za ta riƙa tayarwa bayan an gama ta.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce ana ta kai wa ke ta kaya, jihar da 'yan bindiga suka hana barci ina ta ga lokacin kuka da rugugin katafila? Maganarsu tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Sai dai mu tuna musu cewa wannan rashin zaman lafiya shi ne ya koro dubban mutane daga ƙauyuka suka taru a garuruwan bakin hanya irin su Tsafe da Gusau, wato kunnuwan da ke kusa da kwalta sun ƙaru ke nan. Kuma Zamfara ta riga ta ɗanɗani ɗacin cutar da aka raina. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, alhali ƙurar da ta kashe su ana ganinta kullum a tsakar gida, ba wanda ya ɗauke ta bakin komai.

Ita ƙara abu ce da ake aunawa kamar yadda ake auna hatsi da mudu, sunan ma'auninta desibel. Hira tsakanin mutum biyu takan kai wajen desibel 60. Injin fasa kwalta kuwa, ga wanda ke riƙe da shi, yakan kai 100 ko ya wuce. Kada mai karatu ya ga tazarar kaɗan ce, don wannan ma'auni ba ya hawa ɗaya bayan ɗaya kamar matakala: duk ƙarin desibel 3 ninki ne na ƙarfin sautin. Masana lafiyar ma'aikata sun ce mutum zai iya jure desibel 85 na awa 8 a yini, in ta kai 88 sai awa 4, in ta kai 100 kuwa minti 15 kawai, abin da ya wuce haka kunne ne ke biya. Kurmancin da ƙara ta jawo kuwa ba ya warkewa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga kunne ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2018, ta danganta ƙarar motoci ta yau da gobe da rashin barci da ciwon zuciya, ta kuma ba da shawarar kada ƙarar hanya ta wuce desibel 45 da dare. Tun 1999 hukumar ta ce ajin karatu bai kamata ya wuce 35 ba, in ana so yaro ya ji malaminsa sosai. A birnin New York na Amurka, a 1975, wata masaniya mai suna Arline Bronzaft ta bincika wata makarantar firamare da ke gefen layin dogo, ta tarar yaran azuzuwan da ke fuskantar jirgi sun koma baya a karatu in an gwada su da na ɗaya gefen. Da aka sa roba a layin dogon aka kuma gyara rufin azuzuwan, sai bambancin ya ɓace. To, ajin da ke bakin hanya a Bunguɗu da me ya bambanta da wancan?

Doka kuwa akwai ta. Bayan da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko a 1988, gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, sa'an nan a 1992 ta kafa Doka ta 86, wadda ta wajabta a binciki illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Manyan hanyoyin tarayya suna cikin jerin, haka ma wurin fasa dutse in yana kusa da gidajen jama'a. A 2007 aka kafa hukumar NESREA don tilasta bin ƙa'idojin muhalli, a 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan ƙara. Bankin Duniya ma, ga ayyukan da yake ba da rance a kansu, ya yanka iyaka: desibel 55 da rana, 45 da dare, a unguwannin zama da wuraren makarantu.

Ina gizo yake saƙa, tun da ga doka ga ma'auni? Amsar tana cikin takardar kwangila. Ɗan kwangila ba kundin doka yake buɗewa da safe ba, jadawalin kuɗin aiki yake buɗewa. Abin da aka sa wa farashi shi yake yi, abin da ba a sa wa ba sai in ya ga dama. Ɗaya daga cikinmu, lokacin da ya je koyon aiki a wani ofis, ya ga wata takardar kwangila mai kauri kamar tubali. An ƙididdige yawan tsakuwa da kaurin kwalta da faɗin kwalbati dalla-dalla, amma da aka zo kan muhalli sai layi ɗaya tak, wai ɗan kwangila ya yi ƙoƙari kada ya dami jama'a. Ya tambayi babban ofishin, ya ce, "Ranka ya daɗe, in ya dame su fa, me za a yi masa?" Sai dattijon ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ai abin da ba a rubuta ba ba a bin bashinsa." Wannan amsa ita ce dalilin wannan sharhi.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da ta jiha, da ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, duk kwangilar hanya ko ta babban gini da za a sa wa hannu ta ƙunshi waɗannan sharuɗɗa.

Na farko, a auna ƙarar wurin kafin katafila ta iso, dare da rana, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa. In ba a san yadda wuri yake da can ba, ba yadda za a yi a tabbatar aiki ne ya ɓata shi.

Na biyu, a lissafa wuraren da za a kiyaye da sunayensu: asibiti kaza, makarantar firamare kaza, makarantar allo kaza, masallacin Juma'a kaza. Kowanne a rubuta masa iyakarsa da lamba, ta rana daban ta dare daban. Kalmomi irin su "daidai gwargwado" ba su da wurin zama a nan.

Na uku, a ƙayyade lokacin aiki mai ƙara. Kada a kunna injin fasa dutse ko rola kusa da gidaje bayan lisha, ko kusa da masallaci lokacin huɗuba, ko kusa da makaranta ranar da yara ke jarrabawar fita. Batun nakiya ya fi kowanne muhimmanci. A ƙasar da ƙarar bindiga ke sa mata su goya 'ya'ya su nufi daji, tashin nakiya ba sanarwa zalunci ne. A sanar da dagaci da masu unguwa, a yi shela, a tsayar da sa'a guda sananniya.

Na huɗu, mai awon kada ya zama yaron ɗan kwangila, domin ba a ba kura ajiyar nama. Hukuma ta ɗauko shi, ta biya shi daga wani kaso da aka ware cikin kuɗin aikin, ya riƙa kai rahoto kowane wata, a liƙa kwafi a sakatariyar ƙaramar hukuma da fadar sarki, da Hausa, yadda kowa zai karanta ko a karanta masa.

Na biyar, a sa wa maganin ƙara farashi kamar yadda aka sa wa siminti: abin toshe kunne ga leburori, salansa mai kyau ga injuna, nisanta janareta da injin niƙa dutse daga gidaje, da katanga ko tudun ƙasa tsakanin hanya da aji. Nisa kansa magani ne, don duk lokacin da aka ninka tazara daga inji guda ƙararsa takan ragu da wajen desibel 6.

Na shida, wanda shi ne ƙashin bayan sauran, a ɗaure sharuɗɗan da kuɗi. Kada injiniya ya sa hannu a takardar biya sai da rahoton awo a haɗe. Wanda ya ƙetare iyaka a gargaɗe shi, in ya sake a yanke masa tara daga kuɗinsa. A kuma sake awo bayan an buɗe hanya, lokacin da tireloli da tankoki suka fara bi da gudu, kafin a saki kason da akan riƙe har a ga ingancin aiki.

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, wannan magana tamu ce kafin ta zama ta kowa. Babban sakatare hannu kawai yake sawa, wanda ke tsara takardar tun daga fari ƙaramin ma'aikaci ne, irinku yau, irinmu gobe. In fayil ya zo teburinka, duba ka gani ko akwai lamba a sashen ƙara, in babu ka rubuta a gefe ka tura sama. Mu kuma da ke makaranta, doka ta ce a baje rahoton binciken muhalli a fili don jama'a su duba su faɗi ra'ayinsu. Mu je mu karanta, mu fassara wa iyayenmu, mu rubuta abin da muka gani. Masu karatun kimiyya su roƙi malamansu a ari na'urar awo, a mai da bakin hanyar Tsafe ko Bunguɗu wurin aikin bincike na shekarar ƙarshe.

Hanya in an shimfiɗa ta takan shekara da shekaru, kuma wanda aka haifa a bakinta da ƙararta zai tashi. Gyara a takarda kuɗin tawada ne kawai, gyara bayan an zuba kwalta kuwa sai an sake wata kwangilar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba shugabanninmu ikon saurare, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amana ranar da alƙalami ya zo hannunmu, amin.