Wa Ya Auna Wahalar Sa Kafin Wuƙa?

'Yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, akwai wata magana da idan ka ɗauko ta a tsakanin masu ilmin zamani sai ka ga an yi murmushin raini, wato maganar jin daɗin dabba. Nan take wani zai ce mutum bai ƙoshi ba, ina zancen saniya, wannan ai sangarcin Turawa ne. To, ni na ce wannan amsa lalaci ce da aka sa wa rigar kishin talaka, domin asarar da ke cikin azabtar da dabba a kan talakan nan take ƙarewa.

Mu fara daga fadamar Haɗejiya. Tun kaka da kakanni, idan ambaliya ta janye, makiyaya ke gangarowa da garkunansu su ci ɗanyar ciyawa har rani ya wuce. Aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan da ke malala ya ragu, wanda ya saura kuma ya daina bin lokacinsa. Kachala ta toshe hanyoyin ruwa, noman rani ya ci makiyaya, gonaki suka haɗiye burtali, alhali kuwa tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. A ruwan da ke kwance kuma katantanwa ke haihuwa, ita ce ke rainon tsutsar hanta. Saniya ta kwashe ta a ciyawa, ta rame, nononta ya ragu, ranar yanka a tarar da hanta ta lalace. Duk wannan wahala ce da ake iya aunawa: masana na duba ƙugu da haƙarƙari su ba dabba lamba gwargwadon ƙibarta ko ramarta, su ƙirga masu ɗingishi, su gwada kashi su ga ƙwan tsutsa.

Daga nan sai kara. A kasuwa irin ta Maigatari ake loda shanu a tirela zuwa Kudu, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 kafin Ikko. A ɗaure ƙaho, a murɗe wutsiya, a narka sanda, a cusa su kamar buhunan gero, su kwana su wuni cikin rana ba ruwa ba ciyawa. Wanda ya faɗi, 'yan'uwansa su tattake shi. Shin wane malami ne a cikinmu ya taɓa tsayawa bakin mota da takarda ya ƙirga nawa suka sauka da ƙafarsu?

Ga abin da kimiyya ta tabbatar, kuma ina roƙon mai raini ya karanta a tsanake. A cikin tsokar dabba akwai ajiyar sukari da ake kira gilaikojin. Bayan yanka, wannan ajiya ce ke juyewa ta zama tsami, ma'aunin tsamin nama ya sauko daga wajen 7 zuwa wajen 5.5 cikin kwana guda, kuma wannan tsamin ne ke rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfi. Dabbar da ta sha yunwa da gajiya da firgita ta riga ta ƙone ajiyarta tun tana raye, sai ma'aunin ya tsaya sama da 6, naman ya yi duhu, ya yi tauri, ya yi saurin ruɓewa. A ƙasar da zafi ke gasa mutum, wuta kuma ba ta zama balle firji ya yi aiki, wa ke sayen wannan nama? Matar da ta zo da 'yan kuɗinta na cefane. Haka nan kowane bugun sanda tabo ne a ƙirgi, majemi kuwa ba ya biyan kuɗin kirki a kan fata mai tabo. Ban ma taɓo yankan saniya mai ciki ba, wanda likitocin dabbobi suka daɗe suna kuka a kansa a mayankun ƙasar nan: uwa da ɗa da nonon shekaru, duk a wuƙa ɗaya.

Masu cewa abin na Turawa ne, gaskiya ne a Ingila aka yi rahoton kwamitin Brambell a 1965, daga gare shi kuma aka fitar da haƙƙoƙi biyar: kada dabba ta zauna da yunwa da ƙishirwa, ko matsi, ko ciwo, ko tsoro, kuma a bar ta ta yi ɗabi'arta. A Amurka, Temple Grandin ta mai da abin lissafi a mayanka: cikin shanu ɗari nawa suka zame, nawa suka faɗi, nawa suka yi kuka. Amma ƙarni goma sha huɗu ke nan da hadisin Shaddadu ɗan Ausu, wanda Muslim ya ruwaito, ya umarci mai yanka ya kyautata, ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa. Malamanmu kuma sun karhanta wasa wuƙa a gaban dabba, da yanka wata tana kallon wata, da fara fiɗa kafin rai ya gama fita. Je ka kwata da asuba ka gani ko ana kiyaye ko ɗaya. Abin mamaki, mun fi son doguwar muhawara kan ko ya halatta a sumar da dabba kafin yanka, irin yadda ake yi a Turai, aikin da ba ya wuce 'yan daƙiƙu, mu yi shiru kan kwanakin azabar da suka gabace shi.

Ba na ɗora laifin duka a kan mahauci. Wanda ba a ba shi ruwan famfo ba, ba inuwa, ba shingen da dabba za ta huta, a ƙasa zai kayar ya yanka. Laifin ya fi nauyi a kan masu karɓar kuɗin shiga a kan kowane kai, da mu da muka yi karatu. A Haɗejiya akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman, wadda tushenta makarantar aikin gona ce, ga kuma jami'ar jiha a Kafin Hausa. Ƙungiyar ɗalibai ta nemi izinin Sarkin Pawa, ta aika mutum biyu kwata kowace safiya har wata uku, su rubuta dabbobi nawa suka zo da rauni, nawa aka ba ruwa, hanta nawa aka zubar, 'yan tayi nawa aka tarar. Sa'an nan a kai lissafin gaban majalisar ƙaramar hukuma, a kuma buga shi a wannan mujalla.