Sun San Yawan Ƙuri'unmu, Ba Su San Yawanmu Ba

Maudu'inmu na wannan mako tambaya ce mai sauƙi: mu nawa ne a Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa?

Rabon da a yi ƙidayar jama'a a Najeriya tun watan Maris na 2006. A wancan lokacin an ce Ɓaɓura ta haura mutum dubu 200, Kazaure na da kimanin dubu 160, Gwiwa ta haura dubu 120, Roni kuwa ba ta kai dubu 80 ba. An shirya sabuwar ƙidaya a watan Mayun 2023, sai gwamnatin Buhari ta ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Jaririn da aka yi wa suna a shekarar ƙidayar can ya cika 18 a 2024, ya isa yankar katin zaɓe. Ƙannensa kuwa babu ko ɗayansu a wancan lissafi.

Amma ku lura da abu guda. Kafin zaɓen 2023, hukumar INEC ta fitar da adadin masu rajista a Jigawa, sama da miliyan 2 da dubu 300, rumfa-rumfa. Duk ɗan siyasar yankin nan zai iya gaya maka ƙuri'u nawa ke akwatin ƙauyenku ko da tsakar dare ka tashe shi. Tambaye shi yara nawa ne a aji ɗaya na firamaren da aka ajiye akwatin, sai ka ga ya fara kame-kame.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Yawan jama'a na cikin ma'aunan da ake bi wajen raba kuɗin asusun tarayya ga jihohi da ƙananan hukumomi. Kuma wanda bai san yawan baƙinsa ba, ta yaya zai san kwano nawa zai auna? Shi ya sa za ka ga an gina aji biyu inda ake buƙatar shida, malami ɗaya na fama da yaran da sun isa malamai uku.

Haka batun aiki. Kazaure na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da cibiyar koyar da ilimin kwamfuta, duk shekara suna yaye ɗalibai. Wa ke riƙe da lissafin inda masu difloma suke ƙarewa? Wasu na kan acaɓa, wasu sun tafi cirani Kano da Abuja, wasu na zaman majalisa tun safe. Daga zaman banza ake fara shaye-shaye, daga nan sai satar waya da ta dabbobi. Yankin da Gwiwa da Roni ke maƙwabtaka da Katsina, Ɓaɓura kuma ke kan iyakar Nijar, bai kamata ya yi sakaci da matasansa ba.

Ga kuma muhalli. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Kazaure ya biyo. Inda jirgi zai tsaya, fili zai yi tsada, baƙi za su ƙaru. Idan ba a yanka filaye da tsari tun yanzu ba, ɗan gari ne zai koma ɗan haya a garinsu, talaka kuma ya gina ɗakin ƙasa a hanyar ruwa, damina ta zo ta rusa.

Wani zai ce ƙidaya aikin gwamnatin tarayya ne. Gaskiya ne, hukumar ƙidaya ta ƙasa ce kaɗai ke da wannan hurumi. Amma ba abin da ya hana shugaban ƙaramar hukuma sanin mutanensa. Muna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida. Da su ake bi lungu-lungu lokacin rigakafin shan inna. In an iya gano kowane yaro don ɗiga masa magani, za a iya gano wanda ba ya zuwa makaranta. Kuma tun ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, don haka muna da hujjar tuhumar ciyamomi da kansiloli.

Shawarata ita ce, duk wanda ya zo neman ƙuri'a a 2027, kafin a karɓi taliya da atamfa, a yi masa tambaya uku: yara nawa ne ba sa makaranta a mazaɓar nan, matasa nawa ne ba su da sana'a, gida nawa ruwa ya ci bara? Wanda ya kasa amsawa bai shirya wakiltarmu ba.

Ku ma ku fara daga nan: kowa ya rubuto mana yawan ajujuwa da malaman firamaren garinsu. Allah Ya ba mu shugabanni masu kishinmu.