Ƙwaryar Tsaba a Cikin Kwamfuta

Gidajenmu da yawa yanzu suna da kwamfutar tafi-da-gidanka, galibi ta hannu. In ta fara nawa, mai gyara yakan ce a cire tsohon faifan ajiya mai juyawa, a sa SSD wanda ya fi shi sauri nesa. Shawarar tana da kyau. Amma akwai abin da ba a cika gaya wa mai kaya ba.

Waɗansu kwamfutoci suna da wani ɗan ƙaramin ma'aji banda babban faifan, mai cin gigabait 16, ko 24, ko 32. Aikinsa irin na ƙwaryar tsaba ne. Uwargida ba ta hawa rumbu kowace safiya, takan ɗebo abin da za ta riƙa taɓawa ta ajiye kusa da murhu. Haka kwamfuta takan ajiye abin da take yawan nema a wannan ɗan ma'aji, gama babban faifan yana da nawa. Kamfanin Intel ya fito da wannan dabara a 2011, ya kawo wata mai suna Optane a 2017, sa'an nan a 2022 ya sanar zai daina harkar Optane ɗin.

To, in an sa SSD, ƙwaryar ba ta da sauran aiki. Sai dai a yi hattara. Sau da yawa ita da tsohon faifan a ɗaure suke kamar abu guda. In aka zare ɗaya ba a kwance ɗaurin ba, kwamfuta tana iya ƙin tashi, takardu kuma su maƙale. Saboda haka a fara kwafe kome zuwa wani wuri. Bayan haka a kashe haɗin a cikin manhajar Intel Rapid Storage Technology, ko a cire ExpressCache in ita ce a ciki, kamar a waɗansu Lenovo. Sa'an nan a taɓa sukuru. Ku tsaya a kan mai gyara har ya yi wannan, ko da yana gunaguni.

In an gama, sai a share ɗan ma'ajin ya zama wurin ajiya. A duba girmansa sau biyu kafin a share, kada a share sabon faifan.

Me za a sa a ciki? Windows 11 ba za ta zauna ba, tana bukatar gigabait 64. Yaro mai son koyo yana iya gwada ƙaramar Linux irin Lubuntu a mai 32. Amma mu a ganinmu ya fi amfani a ajiye kwafi na biyu na takardun gida: takardun haihuwa, sakamakon jarrabawar yara, takardar fili, hotunan aure. Gigabait 16 ya ɗauki hoto fiye da 3,000 masu megabait 4. Mu malamai mun san hawayen ɗalibin da aikinsa na shekara ya ɓace daren miƙawa.

Kada dai a dogara gare shi shi kaɗai. Ya sha rubutu shekara da shekaru, ya tsufa. Ɓarawo kuma in ya ɗauki kwamfuta, rumbu da ƙwarya duka ya ɗauka. A sa kwafi na uku a filashi, a ajiye shi a wani ɗaki dabam.