Baƙon Da Ya Tafi Da Kalmar Sirri

Wani abokina da ke koyar da walda a wata cibiyar koyon sana'a a gefen Tamale, arewacin Ghana, ya taɓa jan hannuna wai in zo in ga Baturensu. Ashe yaro ne ɗan Jamus, bai cika shekara 20 ba, rana ta gasa shi har hancinsa na saɓa. Da safe yana ɗakin kwamfuta, inda ɗalibai uku-uku ke matsuwa a kan kowace na'ura. Da la'asar sakaliya yana filin ƙwallo, usur rataye a wuya, yana bin samari da gudu.

A gabana ya zaunar da wata mai koyon ɗinki, ya buɗe mata Excel, ta jera kuɗin yadi, na zare, na zif da ladan hannu. Da jimlar ta faɗo da kanta a ƙasa, sai yarinyar ta janye hannu daga linzamin kamar ta taɓa garwashi, sannan ta ƙara kuɗin zaren da gangan don ta ga ko abin zai gane. Ya gane. Ban ga wani aibu a aikin yaron nan ba ran nan, kuma har yau ban ce yana da mugun nufi ba.

Da na koma bayan shekara biyu, sai da aka nemo mai riƙe da makulli kafin a buɗe ɗakin. An lulluɓe kwamfutocin da tsofaffin zannuwa, ƙurar hunturu ta kwanta a kansu. Wasu wutar lantarki ce ta ƙone su, irin ɗauke-kawon nan da mutanen Ghana ke kira dumsor. Sauran lafiyarsu ƙalau, sai dai ba a iya saka musu komai ko gyara musu komai, domin babbar kalmar sirri tana kan yaron. Ya rubuta ta a takarda kafin ya tafi, takardar ta bi iska. Fili kuwa cike yake. Har ƙungiyar 'yan mata an kafa, kyaftin ɗin da ya naɗa ne ke busa usur.

Mutum ɗaya ne ya koyar da abu biyun, a wuri ɗaya, cikin shekara ɗaya. Ƙwallo ta zauna ne saboda tun ranar farko ta zama ta yaran: su ke raba kansu, su ke ɗinke ta in ta fashe, su ke harhaɗa kuɗin famfo. Kwamfuta kuwa ta tsaya a matsayin kayan Bature. Shugabannin cibiyar, da suka ga an samu mai yi kyauta, sai suka janye malaminsu na gida suka mayar da shi ofis yana buga takardu. Laifin da ya fi min ciwo ke nan, kuma na masu masauki ne. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Su kuma sai suka tuge kabar saboda raɓa ta sauka.

Irin wannan yaro yawanci ta shirin weltwärts yake zuwa, wanda gwamnatin Jamus ta buɗe a 2008 don matasa masu shekara 18 zuwa 28, galibi su yi shekara guda. Su kansu masu shirin ba sa ɓoye cewa na koyo ne, wato matashin ne zai buɗe ido ya ga duniya. To, babu laifi, amma a faɗa wa cibiyar haka tun farko, kada a miƙa masa aji sukutum kamar ƙwararre. Tsofaffin shirye-shirye sun ɗan fi nauyi. 'Yan Peace Corps na Amurka, waɗanda rukuninsu na farko ya sauka Accra a Agustan 1961, shekara biyu suke yi bayan horo na watanni da ya haɗa da harshen wurin. Mutanen karkarar Maraɗi da Damagaram ba su manta da Turawan da ke gaishe su da Hausa raɗau ba, kafin a kwashe su daga Nijar a Janairun 2011 saboda tsaro. Japan ma tun 1965 take tura nata, cikinsu har da malaman judo da na kwamfuta, su ma shekara bibbiyu. Shekarar farko mutum yana koyon sunayen mutane ne da inda ake sayen fiyus. A ta biyu yake fara amfani.

Kada mu yi ta nuna Turawa da yatsa, mu ma masu turawa ne. Tun 1987, zamanin Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje, Najeriya ke da shirin TAC, wanda ke aika malamai, likitoci, ma'aikatan jinya da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka, Karibiyan da Fasifik na tsawon shekara biyu. Tambayar da nake yi wa yaron Jamus ita nake yi wa ɗan Kano ko ɗan Zariya da aka tura Banjul ko Kampala: wa ka bari a kujerarka? In amsar ita ce babu kowa, to aro aka yi, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Da ni ke da cibiya, sharaɗina guda ne kafin in karɓi ɗan sa-kai. Ba zai tsaya gaban aji shi kaɗai ba, ko sau ɗaya. Malamin gida na gefensa, kalmar sirri a hannun mutum biyu, kuma kafin ya koya wa kowa zana katin biki, ya fara koya wa ɗaliban sashen lantarki kwance na'ura, hure mata ƙura da canja abin da ya ƙone. Masu kyautar tsofaffin kwamfutoci kuma su haɗa da kuɗin sitabilaiza da na gyara na shekara uku, in ba haka ba su riƙe abinsu. Wanda ya taɓa ganin hayaƙin Agbogbloshie a Accra, kafin a rushe wurin a 2021, ya san inda irin wannan kyauta kan ƙare.

A komawar da na yi Tamale, mai koyon ɗinkin nan na same ta ta buɗe shago a bakin titi, keke biyu da yarinya mai koyo guda. Ba ta da kwamfuta. Ta jawo wani littafin makaranta daga ƙarƙashin tebur, ta ja masa layuka da rula: yadi, zare, zif, ladan hannu, jimla a ƙasa, tana haɗawa da kalkuletar wayarta. Ta tambaye ni ko ina da lambar malamin nata. Na ce ba ni da ita. Abokina mai walda ya ce an turo wasiƙa, wani sabo na tafe a watan Satumba, kuma an fara share ɗakin.