In Ka Je Japan, Himeji Ka Nufa

Masu yawon buɗe ido sukan yi wa fadar Osaka tsinke, su hau na'urar ɗaga mutane zuwa sama, su ɗauki hoto, su ce sun ga tarihi. Ni kuwa ina ganin an yi musu sakiyar da ba ruwa, domin ginin siminti ne na 1931. Wanda ke son na asali ya ƙarasa Himeji, inda babban benen katako da Ikeda Terumasa ya kammala a 1609 yake tsaye har yau, fari fat, shi ya sa ake masa laƙabi da balbela. Ruwan bama-baman 1945 ya ƙone garin, fadar ta tsira. Sai ka tuɓe takalmi kafin ka shiga, matakalan kuma a tsaye suke kamar tsani, mai ciwon gwiwa ya yi shiri. Ciki babu kayan ƙawa, sai ginshiƙai da maratayan makamai da kafofin harbi. Wasu sukan fito suna gunaguni wai ba abin kallo. Haba! Gidan yaƙi ne, ba ɗakin amarya ba. Irin wannan fada ta asali goma sha biyu kacal suka rage a duk ƙasar.