Kafin A Ci Bashin Kambas

Duk shekara idan wasannin makarantu suka ƙarato, mu malamai mun san abin da zai biyo baya. Yaron da aka zaɓa ya yi wa makarantarsu gudu zai koma gida ya tayar da balli sai an saya masa kambas, wai 'yan wancan makarantar duk da shi za su zo. Uba ya ce babu, uwa ta taɓa kuɗin adashi ko ta nufi 'yan gwanjo. Ranar gasa kuwa, abin da muka sha gani shi ne tun kafin a busa usur yaron ya tuɓe kambas ɗin ya ba abokinsa riƙo, ya sheƙa da ƙafar da Allah ya ba shi. Iyaye da dama sun tambaye mu ko wannan ƙauyanci ne, ko kuwa yaron ya san abin da yake yi.

Sau da yawa ya sani. A gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, wani dogarin Sarki Haile Selassie na Habasha mai suna Abebe Bikila ya shiga gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42 ba takalmi, domin wanda ya samu bai zauna masa daidai ba, shi kuma ya saba horo haka nan. Ya gama cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya zama baƙar fatan Afirka na farko da ya ci zinare a Olamfik. Masu son gudu ba takalmi a nan suke tsayar da labarin. To, amma da saura. A Tokiyo a 1964, makonni kaɗan bayan an yi masa aikin ciki, wannan bawan Allah ya sake cin gasar, sanye da takalmi, ya kuma rage minti 3 daga lokacinsa na Rum. Ashe dai gudun a jikinsa yake.

Turawa su ne suka mai da abin ya zama yayi. A 2009 wani ɗan jaridar Amurka, Christopher McDougall, ya fitar da littafi mai suna Born to Run a kan mutanen Tarahumara na Meziko, masu doguwar tafiya da gudu cikin tsaunuka da takalmin da suke yankawa daga tsohuwar tayar mota, irin wanda mahautanmu da masu tura amalanke suka daɗe da sani. A 2010 kuma Farfesa Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard ya auna masu gudu a Kenya da Amurka. Ya gano cewa wanda ya tashi da takalmi mai kaurin ƙasa yakan dira da diddige, sai bugun ya haura ƙafa lokaci guda, amma wanda ya tashi ba takalmi yakan dira da gaban tafin ƙafa, agara da sharaɓa su shanye bugun a hankali. Daga baya, a 2013, wasu masana suka auna mutanen Dasanac na arewacin Kenya, su ma ba su sa takalmi, aka tarar yawancinsu da diddige suke dira. Saboda haka ko a wajen masana magana ba ta ƙare ba.

Kamfanoni dai ba su jira ba. Sai ga takalma marasa kauri, har da na kamfanin Vibram mai gidan kowane yatsa daban kamar safar hannu, ana sayar wa mutum rashin takalmi da tsadar takalmi. Mutanen da ƙafarsu ta shekara 30 a lulluɓe suka saya suka fita gudu a kan kwalta, da yawa suka dawo da ciwon agara ko tsagewar ƙananan ƙasusuwan tafin ƙafa. A 2014 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don kashe ƙarar da aka kai shi a Amurka kan alkawuran lafiya da ya yi a talla, ko da yake bai amsa laifi ba. Yanzu kuma yayi ya juya: takalmin da Eliud Kipchoge na Kenya ya sa a Biyana a 2019, ranar da ya gama kilomita 42 ƙasa da awa 2, kaurinsa ya sa hukumar guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020 cewa ƙasan takalmin gudun titi kada ya wuce milimita 40. Dokokin hukumar kuma ba su hana kowa gudu ba takalmi ba.

Abin da muka ɗauka daga wannan duka shi ne ƙafa tana da sabo. Yaron da ya tashi yana zuwa makarantar allo da aike da ƙwallo ba takalmi, tafinsa ya yi kauri, yatsunsa sun buɗe, jijiyoyinsa sun yi ƙarfi. Ka ɗaura masa kambas na gwanjo da ya fi ƙafarsa, ranar gasa, ka ba shi nauyi ne da bororo. Haka kuma ɗan da ya tashi cikin takalmi tun yana rarrafe, kada ya ga abokai sun tuɓe shi ma ya tuɓe. Idan yana so, ya fara da 'yan mintoci a kan ciyawa ko yashi, ya riƙa ƙarawa cikin watanni.

Damuwarmu ta gaske ita ce ƙasar da ake takawa. Filayen makarantunmu na cikin gari ba ciyawar Turai ba ce: akwai fasassun kwalabe, akwai ƙusa, akwai gwangwani. Rauni ɗaya mai zurfi ya isa ya shigar da ciwon nan mai sarƙe haƙora da sandarar da jiki, idan yaro bai da allurar rigakafi. Inda ake bahaya a fili, tsutsar ciki mai ƙugiya tana shiga ta fatar ƙafa ta je ta yi ta shan jini a hanji, sai ka ga yaro ya ɗashe, yana gyangyaɗi a aji, a ce masa rago. Ga jiga a ƙarƙashin farce. 'Yan'uwanmu na tsaunukan Arewa Maso Yamma a nan Kamaru suna da ƙarin abin lura, domin jar ƙasar can, idan mutum ya shekara da shekaru yana taka ta ba takalmi, tana iya kawo wani irin tundurmi da ba sauro ke kawo shi ba. Maganin kare kai daga gare shi takalmi ne da wanke ƙafa da sabulu kullum. A Garwa da Marwa kuwa, wanda ya taɓa taka yashin watan Afrilu da azahar ba sai mun yi masa bayani ba.

Ga manya, kalma ɗaya. Mai ciwon sukari kada ya yi gudu ko yawo ba takalmi ko da cikin gida ne, domin ƙafarsa na iya rasa ji, ƙusa ta shige shi bai sani ba.

To, ga iyaye, ba mu ga dalilin cin bashi don gudun mita 100 ko 400 ba. Idan kuɗin kaɗan ne, gara a sayi takalmin zuwa makaranta mai sauƙi, daidai ƙafa, mai faɗin gaba, wanda yaro zai sa kullum a hanya da kasuwa da bayan gida, domin a can ne cuta take. A duba katin rigakafinsa. Mu kuma malamai, kwana ɗaya kafin gasa mu jera yara da tsintsiya da bokiti su bi fili daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a tsince duk abin da zai huda ƙafa, a sa gudun da safe kafin ƙasa ta ɗauki zafi, a ajiye ruwa da sabulu a bakin fili. Kwamitin iyaye na kowace makaranta na iya ɗaukar nauyin sabulun.